Waliyyin da ka ci sunansa: shawarwarin 'yan Katolika a Damagaram

A hirar da 'yan Katolika suka yi bayan ibadar Lahadi a Zinder, wato Damagaram, an fi daɗewa kan abu guda: waliyyi ba a bauta masa, roƙonsa ake ya taya mutum addu'a wurin Ubangiji. Dattawa suka ce a bayyana wannan cikin ladabi in maƙwabci Musulmi ya ga hoto a bango ya tambaya, ba gardama.

Suka ce kowa ya san ranar waliyyinsa. Masu sunan Tereza, waliyyiyar garin Lisieux a Faransa, 1 ga Oktoba. Kafintoci da magina na riƙe da Yusufu mijin Maryamu, 19 ga Maris da 1 ga Mayu. A fara addu'ar kwana tara tun kafin ranar, in ta zo a dafa tuwo a kai maƙwabta.

Wata uwa ta ce carbinta na ɗaure a bakin zane har kasuwar Dole, tana ja in ciniki ya lafa. Kyandir na addu'a kuwa a ɓoye shi a inuwa, zafin Afrilu lanƙwasa shi yake.

Ni dai shawarar da ta fi kama ni ita ce ta koyi da halin waliyyin. Tereza ta rasu a 1897 tana da shekara 24, ƙananan ayyuka cikin ƙauna aka san ta da su. Mai sunanta ya kamata ta fara da haƙuri a layin famfo.