Neman kalma: lambar jarumta da ta jagoranci a sojan Birtaniya

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe za a ɗauki shirina na rediyo kan lambobin sojan Birtaniya, ga shi na maƙale. Military Cross da Distinguished Service Order duk na kira su "lambar yabo ta jarumta". Da na karanta a bayyane sai na ji na cakuɗa abu biyu. Ta farko, ta 1914, ta wanda ya tari wuta da ƙirjinsa ce. Ta biyu tun 1886 take, amma daga 1993 aka keɓe ta ga wanda ya ja ragamar mayaƙa a fagen daga ya yi fice. A taimaka.

Malamar Hausa: Ta farko "lambar jarumta". Ta biyu "lambar jagorancin yaƙi". Ka guji "bajinta", ɗan ƙwallo ma yana yin ta.

Tsohon Soja: Mu dai minda muke cewa. Ranar fareti ka goge ta har ta yi ƙyalli, ka maƙala a ƙirjin hagu. Wanda ya taɓa sa kaki, da ka ce minda ya gane.

Mai Kishin Harshe: Baba, da girmanka, minda Turanci ne da aka lanƙwasa. Mu da muke da barde da jarmai da sadauki, a ce sai mun yi aro? Na sha faɗa: "tambarin sadaukantaka". Ta kwamandan kuma "tambarin barde".

Malamar Hausa: Malam, ka ce tambari a rediyo, mai sauraro gangar sarki zai ji. Barde kuma mayaƙin doki ne, ba ya nuna jan runduna. Sannan in ka kashe "sadaukantaka" a nan, me za ka ba Victoria Cross? Ita ce ƙololuwa tun 1856, kalma biyu kacal aka rubuta a fuskarta, "For Valour", wato "don sadaukantaka".

Mai Kishin Harshe: Haka kullum, da mutum ya kawo tamu sai a ce ba za a gane ba. Yaushe za a gane in ba a fara ba? Abin yana min ciwo wallahi.

Tsohon Soja: Ɗana, soja da hafsa da bariki duk aro ne, kuma sun zama namu. Ni abin da ya dame ni kada a raina ta jagorancin. Hafsan da ya riƙe mutanensa ana ruwan harsashi, ya fito da su da rai, shi ma jarumi ne.

Mai Fassara: Na gode Baba, wannan zai shiga shirin. Zan sa "lambar jarumta", da "lambar jagoranci a fagen fama", in ajiye "sadaukantaka" ga Victoria Cross. Minda sau ɗaya wajen bayani.

Mai Kishin Harshe: To, na haƙura da tambari a wannan karon. Minda kam ban yarda ba.