Kaza da 'Ya'yanta: Musayar Waƙa

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Na hau soro bayan isha'i neman Kaza, tarin taurarin nan na samaniya, ban gan ta ba. Ga abin da ya zo mini:

Daren hunturu na hau soro,
Na ɗaga kai samaniya.
Hazo da fitilun birnin Kano
Sun sa Kaza ta yi ɓuya.
Kakata ce ta fara nuna mini ita,
Kan tabarma, bayan tatsuniya.
Ta kama yatsana ta miƙa gabas:
"Ga uwar can, 'ya'ya na baya."
Ta ce bakwai ne, ni ko shida na gani,
Wa zai faɗa mana gaskiya?

'Yar Damagaram:
Yaya, ka sa na tuna gida,
Ka taɓa ni har cikin zuciya.
Ni ma shida nake ƙirgawa,
Ta bakwai ganinta da wuya.
In ta ɓace mana a watan Mayu,
Baba ya ce ta bi rana tafiya.
In ta leƙo da asuba a Yuni,
Sai gona, ba sauran kwanciya.

Malamin Kimiyya:
Ɗan'uwa, kaka ba ta yi ƙarya ba,
Mai kaifin ido kan ƙara ɗaya.
A 1610 Galileo ya zana 36,
Da madubin hangensa a Italiya.
Yau an ƙirga sun haura 1,000,
Tare aka haife su, uwa ɗaya.
Haskensu ya yi wajen shekara 440
Yana gudu kafin ya iso duniya.
Ya zo har bisa soron gidanku,
Fitilar titi ta tare shi jiya.

Almajirin Zariya:
Allah ya ƙara sani, Malam.
Larabawa suna ce mata Surayya.
Manzo (SAW) ya dafa Salmanul Farisi,
Bukhari da Muslim sun kawo ruwaya:
Ko da imani yana can wurinta,
Mutanen su Salmanu za su kai, ba ja da baya.

Ɗan Kurmi:
Na gode, malamai, na gode, ƙanwa,
Ranar Juma'a zan kama hanya.
Zan ɗauki ɗana mu kwana ƙauye,
Bai taɓa ganinta ba ko sau ɗaya.
In kama yatsansa in miƙa gabas,
Mu ƙirga tare a bakin rijiya.