Shawarwari kan baje kolin gumakan Nok

Mun zauna da wasu malaman tarihi da masu yi wa baƙi jagora a gidajen tarihi, hirar kuma ta fi tsayawa kan gumakan yumɓu na Nok, wato tsofaffin gumakan da suka samo sunansu daga ƙauyen Nok a kudancin Kaduna.

Abin da aka fi nanatawa shi ne a faɗi gaskiyar yadda kowane gunki ya iso cikin gilashi. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da su, daga baya Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya tattara su, aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Amma da yawa ɓarayi suka tono, suka sayar Turai. Gunkin da aka tono da daddare ya rabu da ƙasar da ke nuna shekarunsa, don haka a rubuta hakan ƙarara a allon bayani. Ni ma nan na tsaya.

Wata malama ta ce ɗalibanta kan tsaya gaban kan wani gunki mai idanu kusurwa uku da huda a tsakiya, su tambaya ko bautarsa ake yi. Shawararta: a sa bayani da Hausa, a nuna musu yadda aka gasa yumɓun da yadda mutanen Nok na da suka narka ƙarfe.

An kuma roƙi a riƙa gayyatar mutanen ƙauyukan kudancin Kaduna su ga kayan ƙasarsu kyauta.