Abincin gaɓar tekun yammacin Ayalan: me ya kamata baƙo ya ɗanɗana?

Matafiyi:
Assalamu alaikum. Aiki zai kai ni Galway a ƙarshen Satumba, kuma ina neman shawararku kan abincin yankin, kasancewar ba na cin naman alade, ba na shan giya.

Hajiya Mai Girki:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara da miyar kifinsu mai kauri da ake kira chowder, wadda ake dafawa da madara da dankalin Turawa, a kawo ta tana tururi tare da burodin alkama da man shanu. Sai dai ka tambayi mai abincin tukuna, domin wasu suna yanka naman alade a ciki. Kyafaffen kifin salmon na yankin Burren kuwa, a ganina, babu kamarsa.

Ɗalibi a Cork:
Malam, zuwanka ya dace da bikin kawa (wata halittar teku mai ɓawo, wato oyster) na Galway, wanda aka fara a 1954. Ɗanya ake cin kawar da ruwan lemon tsami, kuma giyar Guinness ta yawaita a wurin, har a wasu burodin da farfesun. Shayinsu mai madara zai wadatar da kai.

Matafiyi:
Na gode, Hajiya, na gode ɗan'uwa. Da chowder ɗin zan fara.