Zagaya tafkin Saint-Jean da moton ƙanƙara: me ya kamata yaran su sani kafin su tashi?

Kawu daga Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan ƙanwata yana karatu a Chicoutimi, can Kebek a ƙasar Kanada. Shi da abokansa uku za su yi hayar moton nan mai gudu a kan dusar ƙanƙara, su zagaya tafkin Saint-Jean cikin kwana uku a watan Fabrairu. Ya ce in lokaci ya ƙure musu sai su yanke ta tsakiyar tafkin, tunda ruwan ya daskare. Tun da uwarsa ta ji haka ta kasa barci. Moto kam ya iya, a yashin bakin Binuwai ya koya, amma wannan wani abu ne dabam. Don Allah waɗanda suka san harkar ku faɗa mana abin da zan gaya masa.

Ɗan Marwa:

Wa alaikumus salam, Kawu. Zagayawa ba laifi, yankewa ta kan tafki ita ce za ku hana shi, ba tare da sassauci ba.

Ruwan tafkin nan yana fita ne ta gabas, kusa da garin Alma, ta mashigar da ake kira Grande Décharge. Inda ruwa ke gudu a ƙarƙashi, ƙanƙarar sama ba ta yin kauri ko sanyi ya kai yaya, kuma dusa tana rufe ta, ido ba ya bambance mai ƙwari da marar ƙwari. A wurin ne, ranar 21 ga Janairu 2020 da daddare, 'yan yawon buɗe ido biyar daga Faransa da jagoransu suka rasu, bayan sun bar hanyar da aka shata sun hau kan ƙanƙara. Da jagora fa suke, Kawu.

Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge a Kanada ta ce mutum ɗaya a ƙasa yana bukatar kaurin santimita 15, taron mutane 20, moto kuwa 25. Wannan lissafin na ƙanƙara ce garai mai shuɗi-shuɗi. Fara mai kama da madara ƙarfinta rabi ne, mai ruwan toka kuwa akwai ruwa a cikinta, ba a taka ta sam. Akwai kuma wata matsala da baƙo ba ya tsammani: nauyin dusa yana danna ƙanƙara, ruwa ya ɓullo ta tsaga ya kwanta tsakanin su biyu. Kamar ƙasar karal ce bayan ruwa ya janye, sama a bushe, ƙasa taɓo. Moto ya faɗa ciki ya kafe, ƙafa ta jiƙe, a sanyin digiri 25 ƙasa da sifili yatsu ba sa jimawa.

Hanyoyin da aka shata suna ƙarƙashin FCMQ, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu moton ƙanƙara ta Kebek, kimanin kilomita 33,000 a faɗin Kebek. Alluna shuɗɗa na manyan hanyoyi ne, kore na yanki, masu ruwan lemo na cikin gari. Kullum da safe su buɗe manhajar iMotoneige su ga wace hanya ce a buɗe, yaushe kuma injin gyaran hanya ya bi ta ƙarshe. In hanyar da kanta ta ratsa ruwa, za su ga sanduna a kafe, su bi tsakaninsu, kada su tsaya.

Makanike daga Injamena:

Baba, ni ta wajen injin zan yi magana. Birkinsa yana hannun hagu, totur kuwa da babban yatsan dama ake danna shi, ba murɗawa ake yi ba. Wanda ya saba da moton gida, in ya firgita ya damƙe kan moto, totur yake ƙara dannawa. Su yi rabin awa a fili suna tashi suna tsayawa kafin su shiga hanya. Ba a kuma sauke ƙafa a kwana yadda muke yi a yashi. Jiki ake karkatawa ciki.

Kafin su bar wurin haya su tabbatar akwai bel na ajiya a jikin kowane moto, kuma a nuna musu yadda ake sauya shi, don shi ne ya fi tsinkewa, musamman in an tashi da ƙarfi injin bai ɗumama ba. Minti biyar na ɗumi ya isa. In dare ya daskarar da robar ƙasa mai jan moto, a ɗaga bayan a jijjiga kafin a ba shi wuta. Mai injin da ke shan mai haɗe da esansi ya riƙe litar mai ɗaya da buji biyu. Igiyar kashe injin a ɗaure ta a riga, in mutum ya faɗi moto ya mutu da kansa.

Yawancin injinan nan da dusar da robar ke watsawa suke hucewa. In an yi ɗumi sannan sanyi ya dawo, hanya ta zama dutse, ba dusa, injin ya yi zafi, robobin da robar ƙasa ke zamewa a kai su narke. Fitilar zafi ta kama, su tsaya su zuba dusa a ƙarƙashi.

Tanki bai cika wuce lita 40 ba. Kada su bar shi ya sauka ƙasa da rabi in sun ga gidan mai, don a dusa mai laushi yana sha fiye da ƙima.

Hajiya daga Ngaundare:

Yaya, ka kwantar wa ƙanwarka da hankali, amma ka sa ya turo maka tsarin tafiyar a rubuce. Hanyar keke da ta zagaye tafkin kilomita 256 ce, ta moto za ta ɗara haka don tana shiga daji. Sabon shiga kada ya wuce 120 zuwa 150 a yini. Doka ta tsayar da gudu a kilomita 70 a awa, da tsaye-tsaye kuwa da wuya su haɗa 40. Su kama ɗakin kwana tun yanzu a Roberval ko Saint-Félicien da Dolbeau-Mistassini, don Fabrairu kasuwa ce. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, saboda haka ƙarfe huɗu ta same su a masauki.

Dole ne permi (lasin tuƙi) mai aiki, da kaske (hular kwano), da takardar izinin hawa hanya, wadda galibi tana cikin kuɗin haya, amma su tambaya. Su tambayi nawa za a riƙe a katin banki da abin da inshora ba ta biya.

Kada auduga ta taɓa fata, tana riƙe gumi ta daskare. Ulu ko leda-leda a ciki, mai kauri a tsakiya, mai tare iska a waje, safar hannu biyu. Waya a aljihun ƙirji, sanyi yana kashe batir. Alwala su yi ta a wuraren hutawa na kan hanya, su bushe sarai kafin su sa safa. In kuma ranakun sun faɗo cikin azumi, gara su ɗage.

Kawu daga Garwa:

Allah ya saka da alheri. To in guguwar dusa ta taso musu a tsakiyar hanya fa?

Ɗan Marwa:

Su tsaya a wurin hutawa mafi kusa, ko da kuɗin ɗaki zai salwanta. A gonakin da ke gefen tafkin iska tana share hanya har sanduna su ɓace, kamar hazon hunturu mai kauri a hanyar Kusiri, kuma a nan ne mutum ke gangarawa kan ruwa bai sani ba. Kowa ya riƙa duba fitilar na bayansa, in ta ɓace a tsaya. Lambar gaggawa 911 ce, amma akwai wuraren da waya ba ta kamawa, don haka mai masaukin gaba ya san lambar hanyar da za su bi da lokacin da zai sa ran ganinsu.