Wane suna za mu ba wanda aka gayyato ya yi jawabin tarihi?

Jama'a, ina neman mu tsayar da magana a kan wata kalma da ta ba mu kunya a ƙungiyarmu ta masu tallafa wa ɗakin karatu a wani ƙauye na ƙasar Malam Madori. Kalmar ita ce wadda Turawa ke kira guest speaker, wadda muka saba fassarawa da "baƙo mai jawabi" a takardun gayyata da sanarwar rediyo, har ta zauna a baki ba tare da kowa ya tsaya ya auna ta ba.

Ga yadda abin ya faru. Mun shirya zama a kan tarihin layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, wanda ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ya mai da wannan yanki kasuwar gyaɗa. Muka gayyaci wani dattijo da ya yi aikin sikeli tun yana saurayi, wanda ya ga yadda ake jera buhuna har su zama dala, ya kuma ga yadda fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da harkar. Da na kai masa takardar, jikansa ya karanta masa, sai ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa, sannan ya ce, "Malam, ni ne baƙo a garin da aka binne cibiyata?" Na durƙusa na ce, "Baba, a yi haƙuri, kuskuren alƙalami ne." A zuciyata kuwa na san ba alƙalami ba ne, kalmar ce ba ta dace ba.

Dalili shi ne, Bature ya raba wanda aka gayyata da wanda ba a sani ba, kowanne da kalmarsa, mu kuwa "baƙo" ɗaya ce ta ɗauki nauyin biyun. Idan malamin jami'a ya taso daga Kano ko Dutse domin ya yi bayanin yaƙin da Haɗejawa suka gwabza da Turawa a 1906, wanda Sarki Muhammadu ya rasa ransa a cikinsa, babu laifi a kira shi baƙo, domin da gaske baƙon ne, kuma za a shimfiɗa masa tabarma a kawo masa ruwa. Amma tarihin gari galibi yana bakin 'yan gari ne: tsohon maƙeri, da ungozoma, da mai unguwar da ya gaji sarautar daga kakansa, da mahaucin da ya san lokacin da kasuwa ta tashi daga tsohon wurinta. Kiran irin waɗannan baƙi tamkar cire su ne daga labarin da su ne masu shi.

A zaman kwamiti an kawo shawarwari. Wani ya ce "mai lacca", sai muka ga lacca tana tafe da allo da takarda da tsayuwa a gaban jama'a, alhali dattijonmu a zaune yake magana, yana yi yana tambayar tsaransa ko haka ne. "Mai gabatar da maƙala" ta fi wannan nisa, tunda babu abin da ya rubuta. Sakatarenmu ya kawo "gayyataccen mai jawabi", kuma ta fuskar ma'ana babu abin da za a ce da ita, sai dai nauyinta a harshe. Na gwada faɗarta sau uku a jere kamar mai shela a kasuwa, na ji ba za ta rayu ba. "Masanin tarihi" kuma ta yi wa abin ƙunci, domin wata rana likitan dabbobi za mu gayyata ko malamin gona.

Abin da ni nake ganin ya fi shi ne "malamin taro", mace kuma "malamar taro". Hujjata ita ce muna da wannan ƙira tun tuni: muna cewa uban taro, da uwar taro, da shugaban taro, kowanne an jingina shi ga taron ne, ba a tambayi daga ina ya zo ba. Sannan Bahaushe bai taƙaita malanta ga mai takardar shaida ba, duk wanda ya san abu ya kuma sanar da shi malam ne a wannan fage, ko da a sikeli ya koyo shi.

Limaminmu ya yi gyara mai ƙarfi, ya ce mutanen karkara za su ɗauka malamin taro shi ne mai buɗewa da addu'a ko mai wa'azi. Na ce, "Allah gafarta malam, gaskiya ne, amma idan aka rubuta batun a gefensa, kamar a ce malamin taro a kan tarihin layin dogo, shubuhar ta kau." Bai gamsu sarai ba, ya dai yarda a gwada.

Don haka a takardar zama mai zuwa, wanda za a yi a kan zanen duwatsun Birnin Kudu, "malamin taro" za mu rubuta, mu bar "baƙo" ga wanda ya yi tafiya ya zo. Idan a Gumel ko Kazaure ko Ringim akwai kalmar da kuka riga kuka saba da ita wadda ta fi wannan sauƙi, ku kawo ta kafin ranar Laraba, domin ranar ce za a kai takardar wurin mai bugawa.