Wace Hausa za mu yi wa "self-hosted monitoring"?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina neman kalma. Ina kula da kwamfutocin wani ofishin kago a nan Jidda, masu tura kayan 'yan kasuwa Kano. Makon jiya na girka Uptime Kuma a wata 'yar saba, wato kwamfutar da ake ɗora shafuka ko manhajoji a kai, da muke haya. Aikinta ɗaya: duk daƙiƙa 60 ta taɓa shafinmu na bin diddigin kaya, in ya amsa ta zana kore, in ya yi shiru ta zana ja ta turo min saƙo a Telegram. Girkawar ba wuya, layi ɗaya ne a Docker, manhajar girka wasu manhajoji, sai ka buɗe ƙofa ta 3001 a burauza ka yi maza ka ƙirƙiri asusun shugaba, don wanda ya riga shiga shi ke da gida. Wahalar ta zo da Alhaji mai ofishin ya ce, "Yaro, me ka sa min?" Na ce Uptime Kuma. Ya ce, "Kuma me?" Ya zaci ban ƙarasa magana ba. Louis Lam da ya fitar da ita a 2021 daga Japananci ya ɗauko "Kuma", wata dabbar daji ce a can, bai san ya taka Hausa ba.

Daga Madina: Wa alaikumus salam. Larabawa sun huta, saba khadim, sa ido muraƙaba. Mu ma muna da hadimi. Ka ce "mai sa ido kan hadimi".

Ni: Allah ya gafarta Malam, hadimi na karɓa da hannu biyu, amma ɗan sa ido ba mutumin kirki ba ne a Hausa. Shi ne mai zaman bakin layi yana ƙirga buhunan da aka shigar gidanka. Muraƙaba kuwa, in ka faɗe ta a Sharar Mansur ta Makka, kamara da masu duba iƙama, wato takardar izinin zama, za su faɗo wa mutane a rai.

Daga Riyad: Mai gadi fa, yaya?

Ni: Mai gadi yana da sanda. Wannan ba ta korar kowa, ba ta gyara komai, gani take ta yi ihu. Har Nagios da Zabbix, manyan yayyenta, asalin aikinsu ke nan, su duba su kai rahoto.

Wata baiwar Allah daga Makka: Ku dakata. Masu fassarar waya sun daɗe suna ce wa saba uwar garke. Kakata kuma har ta rasu tana ba mu labarin dubagari, mai shiga gida gida yana leƙa randa da kwata, ba ya wanke wa kowa, sai dai ya rubuta. To ga duba-garke.

Ni: Hajiya, kin gama magana! Na faɗa sau uku a baki, bai sarƙe ba. Saura ɗaya rabin, wato "self-hosted", wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya. Akwai kamfanonin da za ka ba adireshin shafinka su riƙa duba maka daga nasu injin, kamar UptimeRobot. Akwai kuma wadda kai ka girka, kai ke sabunta ta, bayananta na hannunka, in ta lalace ba wanda za ka kira. Na ga an rubuta "mai masaukin kai", fassarar istidafa zatiyya ce, amma ko ni da na san abin sai da na karanta sau biyu.

Daga Madina: Tunda an shiga garke a ƙarasa. Akwai ba da kiwo, akwai kiwon gida.

Daga Riyad: Ban yarda ba. Injin nasa na haya ne, wataƙila yana Jamus. Ina gida a nan?

Ni: Ƙanena, mu nawa ne a ƙasar nan ke kwana a gidan kansu? Ragon da ka turke a gidan haya ai na kiwon gida ne, tunda kai ke ba shi dusa, kai ke share turken. Kuma na ɗanɗana. Karon farko a kan injin da shafin yake na ɗora ta, don tsimin kuɗi. Daren wata Juma'a faifan ya cika, shafi ya faɗi, duba-garken ya bi shi, wayata shiru. Sai ƙarfe goma na safe a nan, takwas a Kano, wata mai atamfofi ta kira Alhaji tana faɗa. Shi ya sa na kama mata ɗaki daban.

Daga Riyad: To na sallama, amma in na rubuta zan sa "kiwon kai".

Hajiya: Kiwon kai kuma? Kai ne ragon?

Ni: Na rubuta a takardar ofis: duba-garke na kiwon gida. Alhaji ya karanta, ya ce nawa ne kuɗin dusar a wata.